Aikin Albashi da Aikin Fa'ida: Magana ga Samarin Godogodo

Duk wanda ya san tarihin Godogodo ya san cewa neman aiki ne ya cika garin da jama'a, domin a zamanin Turawa, sa'ad da kamfanonin haƙar kuza suka bazu daga tsaunukan Jos har ƙasar Jama'a, leburori sun yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da sauran sassa, suka sauka tare da 'yan ƙasa. Aikin kuwa bai wuce a tona ƙasa, a ɗora kwano a ka, a kai bakin ruwa a wanke ba, ranar biya a miƙa wa mutum 'yan sulalla. Ta yadda wanda ya shekara ashirin a rami bai fi wanda ya zo jiya sanin komai ba, bai kuma taɓa ganin abin da ake ƙerawa da guminsa a Ingila ba. Da kasuwar kuza ta yi ta ja da baya har ta rushe a duniya a 1985, ramuka aka bar mana. Haka Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layin dogo tun wajen 1927, ta ga yadda aikin reluwe, da ake ɗauka gadon har abada ne, ya shuɗe.

Na kawo wannan ne saboda ina ganin jikokin waɗancan bayin Allah suna neman komawa ramin da tufafi masu tsabta. Saurayi ya gama Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ba shi da wani buri illa a ɗauke shi a ofis, inda zai sa hannu a rajista da safe, ya zauna gaban teburin da babu ko takarda a kai, ya jira ƙarshen wata; bayan shekara biyar sai ka same shi zuciyarsa ta mutu, yana cewa aikin ya ishe shi, alhali bai taɓa yin aikin da zai gajiyar da shi ba. A ra'ayina, abin da ke ƙuntata ran ma'aikaci shi ne ya wayi gari bai ƙaru da ilimi ba, babu kuma mahalukin da zai nuna ya ce wannan ya amfana da ni.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa noma da saƙa da likitanci cikin farillan kifaya, wato abubuwan da in al'umma ta rasa mai yin su, alhakin yana kan kowa. To, mu dubi ƙasarmu da wannan ma'auni. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, daga Kachia da Jaba har Jama'a. Manomi ya ga ganye ya yi rawaya, ya tona ya tarar da saiwa ta ruɓe tana wari, ga bashin taki a wuyansa. Ranar nan malamin gona guda ɗaya, wanda ya san cutar, ya san yadda ake tsabtace iri, ya fi akawu goma daraja. Kuma har yau yawancin cittarmu a tsage ake shanya ta, a ɗura a buhu a sayar wa dillali, ribar niƙa da tatsar mai ta tafi hannun wasu.

Ban ce kowa ya ajiye aikinsa cikin fushi ba, domin ciyar da iyali wajibi ne, kuma mai acaɓa da mai cire wa mutane kuɗi a ƙarƙashin lema halaliyarsu suke nema. Abin da nake kira gare shi shi ne mutum ya riƙe abin da ke hannunsa, ya ba da yammacinsa da Asabar ɗinsa ga koyon sana'a a wurin gwani, ko gyaran famfon burtsatse ne ko haɗa wutar sola, har ranar da sabon aikin zai iya ɗaukar nauyin gidansa.

Sai dai akwai haƙƙi a kan wasu. Wanda ya ga harin da aka kai Godogodo a watan Oktoba na 2016 ba zai zargi saurayin da ke tsoron gona mai nisa ba. Tsaron rai aikin hukuma ne, kuma Musulmi da Kirista duk a gona ɗaya suke asara. Iyaye kuma, ina roƙonku da girman Allah, idan mai sana'a ya zo neman auren 'yarku, ku tambayi halinsa da amanarsa da abin da hannunsa ya iya, ku daina mayar da shi baya don kawai ba ya cikin masu jiran albashin gwamnati.