Me ya hana a-kori-kura masu lantarki karɓuwa a Amurka?

Shekaru kaɗan bayan da manyan kamfanonin ƙera motoci na Amurka suka yi alƙawarin cika titunan ƙasar da motocin a-kori-kura masu aiki da lantarki, wasu daga cikinsu sun fara ja da baya.

A watan Disambar 2025 kamfanin Ford ya ba da sanarwar daina ƙera motarsa F-150 Lightning mai aiki da batir zalla, ya kuma ce sauya alƙiblar da ya yi game da motocin lantarki za ta janyo masa asarar dala biliyan 19 da rabi.

Watanni uku kafin nan, kamfanin Stellantis ya soke shirinsa na fito da a-kori-kurar Ram mai batir zalla, tun ma kafin a sayar da ko guda.

Wannan lamari ya sake tayar da muhawarar da aka daɗe ana tafkawa tsakanin masu sha'awar motoci a ƙasar: shin siffar motocin ce ta kori masu saye, ko kuwa fasahar ce ba ta kai ga ɗaukar irin wannan aiki ba?

Matsayin a-kori-kura

A ƙasashen Afirka da dama, a-kori-kura motar aiki ce ta ɗaukar kaya zuwa kasuwa ko gona. A Amurka kuwa ta zama motar iyali, kuma alama ce ta ƙarfi da dogaro da kai, musamman a yankunan karkara da jihohi irin su Texas.

Jerin motocin F-Series na Ford shi ne kan gaba wajen ciniki a tsakanin a-kori-kura tun shekarar 1977, kuma a 2024 kaɗai an sayar da fiye da 760,000.

Kamfanonin cikin gida sun daɗe suna cin moriyar wata kariya ta musamman. Tun 1964 gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta sanya harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigo da su, domin ramuwar gayya a kan harajin da ƙasashen Turai suka ɗora wa kajin Amurka.

Harajin ya daɗe yana rage gogayya daga waje, abin da ya sa waɗannan motoci suka zama babbar hanyar samun riba ga Ford da General Motors da kuma masu Ram.

Saboda haka ne masu sharhi ke ganin cewa duk wanda ke son Amurkawa su rungumi lantarki, to wajibi ne ya fara shawo kan masu a-kori-kura.

Hanyoyi biyu

Kamfanoni biyu sun tunkari wannan kasuwa ta hanyoyi mabambanta.

A watan Nuwamban 2019 shugaban kamfanin Tesla, Elon Musk, ya ƙaddamar da Cybertruck, mota mai kusurwoyi masu kaifi wadda aka lulluɓe da ƙarfen da ba ya tsatsa, babu fenti, babu lanƙwasar da aka saba gani a jikin mota.

A wurin bikin, babban mai zana motocin kamfanin, Franz von Holzhausen, ya jefi gilashin motar da dunƙulen ƙarfe domin nuna ƙwarinsa, sai gilashin ya tsage a gaban jama'a.

Tun daga wannan rana masu sha'awar motoci suka rabu gida biyu. Wasu na ganin cewa an samu kamfanin da ya yi ƙarfin halin kauce wa siffar da kowa ke kwaikwayo, a lokacin da motoci suka zama kusan iri ɗaya.

Wasu kuma na cewa motar ta fi kama da abin da ake gani a finafinan ƙirƙira, kuma ba a zana ta domin manomi ko magini ba. Mista Musk da kansa ya ce fim ɗin Blade Runner na daga cikin abubuwan da suka ba shi sha'awar wannan siffa.

Shi kuwa Ford sai ya bi ɗaya hanyar. Motar F-150 Lightning da ya nuna a watan Mayun 2021 kusan ba ta da bambanci a ido da takwararta mai shan fetur.

Manufar ita ce kada mai saye ya ji cewa ya rabu da abin da ya saba. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya tuƙa motar a Dearborn da ke jihar Michigan domin nuna goyon bayan gwamnatinsa.

Abin da kasuwa ta nuna

Da a ce siffa ce ke yanke hukunci, da ɗaya daga cikin motocin biyu ta yi zarra. To sai dai duka biyun sun gaza cimma burin masu su.

Mista Musk ya taɓa cewa fiye da mutane miliyan ɗaya ne suka yi rajistar sayen Cybertruck, kuma kamfanin na fatan ƙera 250,000 a shekara. Amma ƙiyasin kamfanin Cox Automotive mai nazarin kasuwar motoci ya nuna cewa kimanin 39,000 aka sayar a Amurka a 2024, sannan adadin ya ragu da kusan rabi a 2025.

Ford ya faɗaɗa masana'antarsa da nufin ƙera Lightning 150,000 a shekara, amma kimanin 33,000 ya sayar a 2024. A wannan shekarar sashen motocin lantarki na kamfanin ya yi asarar fiye da dala biliyan biyar.

Dalili na farko shi ne farashi. A 2019 an yi alƙawarin sayar da Cybertruck a kan dala 39,900, amma da aka fara miƙa ta ga masu saye a ƙarshen Nuwamban 2023, bayan jinkirin shekaru biyu, farashin da aka sanar ya kama daga kimanin dala 61,000 zuwa kusan 100,000.

Ita ma Lightning ta fara ne da ƙasa da dala 40,000 kaɗan, amma an yi ta ƙara mata kuɗi.

Haka kuma a watan Maris na 2025 Tesla ya nemi a mayar da Cybertruck fiye da 46,000 domin gyara, saboda wani fallen ƙarfe da ke gefen gilashin gaba zai iya ɓallewa ana cikin tafiya.

Matsalar nauyi

Dalili na biyu, wanda masana ke ganin ya fi wuyar magancewa, ya shafi batir.

Babban batirin Lightning na ajiye makamashin da bai wuce na kimanin lita 15 ta fetur ba. Da wannan ne motar ke tafiyar kusan kilomita 515, domin injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar injin fetur, wanda ke zubar da akasarin ƙarfinsa a matsayin zafi.

Matsalar tana bayyana ne idan aka ɗaura wa motar tirela mai nauyi, kamar ta dawakai ko jirgin ruwa. Gwaje-gwajen da mujallun motoci suka yi sun nuna cewa nisan da take iya zuwa yakan ragu da rabi, wani lokaci ma fiye da haka.

Motar fetur ma takan ƙara shan mai idan tana jan kaya, amma ana cika tankinta cikin mintoci kaɗan. Ita kuwa ta lantarki sai ta tsaya caji na tsawon lokaci, kuma yawancin wuraren caji ba a tsara su domin mota mai janye da tirela ba.

Ƙara girman batir kuma yana ƙara nauyi da tsada. Motar Hummer mai lantarki ta General Motors ta haura kilo 4,000, kuma batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota.

Masu kare motocin lantarki na cewa akasarin masu a-kori-kura ba safai suke jan kaya ba, kuma waɗanda suka sayi Lightning suna yaba saurinta, da rashin ƙararta, da yadda take iya ba gida wuta idan an ɗauke.

Masu suka kuwa na cewa mutum yakan sayi irin wannan mota ne saboda ranar da zai buƙaci ƙarfinta, ko da sau biyu ne a shekara.

Lafiyar masu tafiya a ƙasa

Akwai kuma wani ɓangare na muhawarar siffa da ya shafi rayuka.

Wani bincike da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta fitar a 2023 ya gano cewa motocin da tsayin gabansu ya haura kimanin mita ɗaya sun fi yiwuwar hallaka mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangara.

A 2022 fiye da masu tafiya a ƙasa 7,500 ne suka mutu a kan titunan Amurka, adadi mafi yawa cikin kimanin shekaru 40.

A Turai, inda dokoki suka tsananta game da kaifin jikin mota, ba a amince da sayar da Cybertruck ba. A watan Janairun 2025 'yan sanda a yankin Manchester na Ingila sun ƙwace wata da aka shigo da ita, suna cewa ba ta da izinin hawa titi.

Siyasa da gogayya

Siyasa ma ta taka rawa. Rawar da Mista Musk ya taka a gwamnatin Shugaba Donald Trump a 2025 ta janyo zanga-zanga a shagunan Tesla, kuma saboda ficen siffarta, Cybertruck ta zama abin hari ga masu adawa da shi.

A ƙarshen watan Satumban 2025 kuma, rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin tarayya ke ba masu sayen motocin lantarki ya ƙare.

Yanzu Ford da Ram sun karkata ga wata dabara ta tsaka-tsaki, wato motar da lantarki ke juya ƙafafunta, amma tana ɗauke da injin fetur da ke aiki kamar janareta domin cajin batir. Ford ya ce sabuwar Lightning za ta iya tafiyar fiye da kilomita 1,100, sannan yana shirin fito da ƙaramar a-kori-kura mai batir a kan kimanin dala 30,000 a 2027.

Masu ra'ayin kare muhalli na kallon wannan a matsayin koma baya, yayin da kamfanonin ke cewa suna bin abin da masu saye ke so ne.

Abin da ke damun masu lura da al'amura shi ne, a daidai lokacin da kamfanonin Amurka ke rage gudu, kamfanin BYD na China ya zarce Tesla wajen sayar da motoci masu batir zalla a 2025, kuma tuni ya fara sayar da a-kori-kurarsa mai suna Shark a Mexico da Australiya.

Haraji na iya kare kasuwar cikin gida na wani lokaci. Abin jira a gani shi ne ko kamfanonin Amurka za su iya ƙera a-kori-kura mai lantarki da ma'aikaci zai iya saya, kafin abokan hamayyarsu su mamaye sauran kasuwannin duniya.