Waƙar Bege Ba Ta Matasa Kaɗai Ba Ce

Jama'a, mukan yi wa yaranmu faɗa idan muka ji suna sauraron waƙoƙin bege irin na Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker, mu ce shirme ne. Amma mu dubi gidajenmu a Kafanchan. Akwai matan da rikicin Afrilun 2011 ya raba da mazajensu har abada. Akwai waɗanda mazajensu suka tafi Abuja neman abinci, har yau shiru. Kunya ta hana su furta kewa, mawaƙin ne ke faɗa a madadinsu.

Sai dai waƙa ba ta ciyar da maraya. Maimakon faɗa, mu leƙa maƙwabciyar da ke share hawaye ita kaɗai. Zumunci a ƙafa yake.