Baƙin mai ba ya gyara robar saman tayar motarka, ɓata ta yake yi

Idan kana hawa Pontiac Vibe ko Honda CR-V, dubi baƙar robar nan da ta zagaye saman taya. Ta koma ruwan toka, ko? Ranar Tambuwal ce ke cin fuskar robar a hankali, ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin ƙauyukan Kebbe kuma su shige cikin ƙananan ramukanta su zauna.

Maganata a nan guda ce: ka daina yarda ana shafa mata baƙin man inji ko man birki a wurin wankin mota. Eh, nan take za ta yi baƙi wuluk, ka biya kana murna. Amma baƙin mai danƙo gare shi, kafin ka kai Dogon Daji ya kama ƙura ya zama taɓo. Man birki ya fi muni, don cin fenti yake yi. Ɗigo kaɗan a jikin mota, ka jawo wa kanka kuɗin mai fenti.

Haka dabarar nan da ake yaɗawa a bidiyon TikTok, ta gasa robar da wuta. Zafi yana dawo da baƙin na ɗan lokaci, amma robar ƙara bushewa take yi, idan aka yi ta maimaitawa sai ta fara tsagewa.

Ga abin da ya fi:

1. Ka ajiye motar a inuwa, da safe ko da yamma, robar ta huce.
2. Ka fara watsa ruwa zalla har ta bayan robar. Lakar damina da ke maƙalewa a nan ita ke riƙe danshi ta haifar da tsatsa.
3. Ka wanke da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori.
4. Ta bushe sarai, sannan ka goge da ɗan sifirit na kemis don cire tsohon maiƙo.
5. Ka shafa man da aka yi musamman don robar mota, mai kare ta daga rana, irin su Meguiar's Ultimate Black. Ka tambaya a shagunan kayan mota na Sakkwato. Ka fara gwadawa a ɗan lungu, ka shafa kaɗan, ka goge rarar.

Wani zai ce, "Malam, baƙin mai kyauta ne, wannan kuwa sai da kuɗi." Gaskiya ne. Amma kaɗan ake shafawa, kwalba guda tana daɗewa. Kuma ran da za ka sayar da motar, dillali zai zagaye ta, robar da ta tsage da tsatsar da ke ƙarƙashinta su ne zai kafa hujja da su ya karya maka farashi.

Idan babu hali yanzu, sabulu da ruwa kawai sun wadatar. Gara roba mai ruwan toka mai lafiya da mai sheƙin kwana biyu. Ka tura wa mai wanke maka mota wannan, shi ma ya ƙaru.