SHARHI: Idan Za A Yi Tsimi, Kada A Fara Da Lafiyar Talaka

Ran 20 ga watan Janairun 2025 Shugaban Amurka, Donald Trump, ya sa hannu a kan umurnin dakatar da agajin da ƙasarsa take bai wa ƙasashen waje har tsawon kwana 90. A watan Maris Sakataren Harkokin Wajensa, Marco Rubio, ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan hukumar raya ƙasashe ta USAID, sa'an nan ran 1 ga watan Yuli aka rufe hukumar. Ita ma Ingila, a watan Fabrairun 2025, ta ce za ta rage kason da take warewa na agaji daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa kafin 2027.

Wannan al'amari ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin shekara da shekaru wani babban ɓangare na lafiyar talakawanmu a kan irin waɗannan kuɗi ya jingina. Shirin PEPFAR, wanda Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003, ya kashe fiye da Dala miliyan dubu 6 a ƙasar nan wajen yaƙi da cutar ƙanjamau, wadda kimanin mutum miliyan 2 ke ɗauke da ita. Haka nan gidajen sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tarin fuka da abincin yara masu tamowa, da yawansu daga aljihun masu ba da agaji suke fitowa. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa da masu masana'antu su lura da shi shi ne, janye kuɗi ba ya rage yawan cuta. Sauro bai san an rufe wani ofishi a birnin Washington ba. Abin da ke faruwa kawai shi ne nauyin biya ya tashi daga wuyan hukuma ya koma wuyan majiyyaci, kuma wanda ya fi kowa rauni shi ne ya fi kowa jin nauyin. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk tsimin da za a yi a wannan lokaci na ƙuncin tattalin arziki, tilas a fara killace kason lafiyar marasa galihu kafin a taɓa komai.

Mun taɓa bin wannan hanya. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, ɗakunan ajiyar magani na asibitocin gwamnati suka koma wayam. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda a ƙarƙashinsa majiyyaci zai biya kuɗin magani domin a juya kuɗin a sayo wani. Shirin ya taimaka wajen samar da magani a wasu wurare, amma wanda ba shi da ko sisi sai ya koma gida. Tun daga lokacin nan jama'a suka saba da likita ya rubuta takarda, dangi su bazama neman rance kafin su je kemis.

Har yanzu ba mu fita daga wannan hali ba. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. A 2025 waɗanda ke da inshorar lafiya kimanin mutum miliyan 20 ne, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, alhali kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 suna mutuwa kafin su cika shekara 5, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Wannan rata ita ce ake nufi da rashin adalci a kiwon lafiya, watau wurin da aka haifi yaro da nauyin aljihun ubansa su ne ke yanke hukuncin ko zai rayu. Daɗin daɗawa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a watanni 6 na farkon 2025 yara 652 masu tamowa sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina kaɗai.

Mai yiwuwa wani attajiri ya ce wannan bai shafe shi ba, tun da yana iya zuwa asibitin kuɗi ko ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya. To, amma kasuwa da mutane take ci. Ƙaramin ɗan tireda a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, wanda duk jarinsa bai wuce abin da ke cikin shagonsa ba, idan matarsa ta bukaci tiyata wajen haihuwa, jarin nan zai taɓa. Daga nan bashin da ya ci a hannun babban dila sai ya gagara biyuwa, dila kuma ya kasa cika alkawarin da ya yi wa kamfani. Haka yake ga direban tirela da ɗan dako da yaron shago da manomin da ake jiran amfaninsa a kasuwar Dawanau ko Mile 12: duk ranar da ciwo ya kwantar da shi, asara ce ga uban gidansa. Sa'an nan cututtuka irin su tarin fuka ba su san iyakar unguwa ba. Majiyyacin da ya katse shan magani saboda ya ƙare a asibiti, ƙwayar cutar takan bijire wa maganin, sai an koma ga wani wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuma haɗarin ya yaɗa ta a cikin mota ko rumfar kasuwa.

Gaskiya ne gwamnati na fama da nauyin bashi, kuma gaskiya ne ta ɗan motsa. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin ɗauke haraji a kan injuna da kayan haɗa magani. A watan Nuwamba Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta. A watan Fabrairun 2025 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓin da Amurka ta bari. Waɗannan matakai abin yabo ne, sai dai faci ne a kan tsohuwar riga. A watan Afrilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma kason Gwamnatin Tarayya yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake tsayawa.

Dokokin da ake bukata kuwa suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, Naira miliyan dubu 55. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma kafa asusun marasa galihu domin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu da tsofaffi da naƙasassu da matalauta, inda aka ce za a kai ga mutum miliyan 83. Abin da ya rage shi ne hanyar samun kuɗi tabbatacciya. A nan Gana ta ba da misali: bayan shekarun da asibitocinta suka yi suna cewa sai an biya kafin a duba mutum, a 2003 ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, ta jingina ta a kan wani haraji na musamman na kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki, a 2008 kuma ta mayar da kula da masu juna biyu kyauta. Shirin yana da nasa matsaloli, musamman jinkirin biyan asibitoci, amma yana da mafitar kuɗi wadda kowa ya sani.

Don haka muna kira da a yi abubuwa uku. Na farko, a ninka kason asusun matakin farko, a saki kuɗinsa a kan kari, a kuma riƙa buga abin da kowace jiha da kowane ɗakin shan magani ya samu, domin jama'a su bi sawu. Na biyu, a keɓe wa asusun marasa galihu harajin taba sigari da harajin lemon kwalba da aka shigar cikin dokar kuɗi ta 2021, a raba kuɗin gwargwadon inda mutuwar mata da yara ta fi yawa. Na uku ya rataya a wuyan 'yan kasuwa da kansu. Doka ta ɗora wa duk mai ma'aikata 5 ko fiye nauyin yi musu rajista, kuma a watan Satumban 2025 fadar Shugaban Ƙasa ta umurci ma'aikatu su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya daga masu neman kwangila. Ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi, waɗanda tuni suka ƙware wajen adashe da karo-karo, suna iya shiga da membobinsu a dunƙule ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, su kuma yi amfani da yawansu wajen tilasta wa asibitoci kyautata aiki.

Zaurukan 'yan kasuwa sun saba kai kokensu ga gwamnati a kan harajin kwastan da kuɗin ruwan banki da wutar lantarki. Ya kamata a zaman kare kasafin kuɗi na gaba, a Majalisar Ƙasa da majalisun jihohi, a ji muryarsu a kan kason lafiya da irin wannan ƙarfi, domin talakan da ake magana a kansa shi ne mai saye a shagunansu kuma shi ne mai ɗaukar kayansu.