ZAUREN IYALI: Idan Masu Bincike Suka Yi Mana Sallama

  

Da wuya a sami unguwa ko ƙauye a ƙasashenmu da ba a taɓa ganin matasa riƙe da takardu ko salula suna bi gida-gida suna tambayoyi ba: Kuna kwana cikin gidan sauro? Kuna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci? Ƴarku ta kai aji nawa a makaranta? Mukan shimfiɗa musu tabarma, mu kawo ruwa, mu amsa, su yi godiya su tafi. Kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi inda amsoshin nan za su je da abin da za a yi da su. Yawancin irin waɗannan tambayoyi suna da tushe a wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa shi ne gano abin da ke sa mutum ya bar wata al'ada ya kama wata. A wannan fitowa muna so mu duba yadda masu wannan ilimi ke gudanar da bincikensu, da iyakokin da bai kamata su ƙetare ba, da kuma haƙƙin da ke kanmu mu iyaye.

Abu na farko da masana suka gano shi ne tambaya kaɗai ba ta isa. Mutum yana da kunya, kuma yana son ya faranta wa baƙo rai, don haka yakan faɗi abin da ya san ana so a ji. Sai suka ce to a zauna a gani da ido, tun da gani ya kori ji. Nan ma aka sami matsala, domin wanda ya san ana kallonsa yakan gyara halinsa. A ƙasar Bangaladash, cikin wani bincike da aka wallafa a 2010, an saka wata ƴar na'ura cikin sabulu mai ƙirga duk lokacin da aka motsa shi, sai aka ga amfani da sabulun ya ƙaru a ranar da mai lura ya zauna a gidan, fiye da ranakun da babu kowa.

Abu na biyu shi ne kwatantawa. Idan aka yi wa wani gari faɗakarwa, bayan shekara aka ga zawo ya ragu ga yara, ba za a ce lalle faɗakarwar ce ta jawo ba, don mai yiwuwa sabuwar rijiya aka haƙa, ko damina ce ta yi sauƙi. Saboda haka akan raba mutane ko garuruwa kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya faɗakarwa, a bar ɗayan, sa'annan a gwada bambanci. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Abubakar Ar-Razi, likitan da ya shugabanci asibiti a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rubuta cewa ya yi wa wasu majiyyata magani ya bar wasu da gangan, domin ya tabbatar da abin da yake zato.

Abu na uku shi ne maimaitawa. A 2015 wani gungun masana ya sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallun ilimin halayya, sai kusan 36 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Wannan ya tuna mana da malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar ruwaya sai sun bi silsilarta, sun kuma duba ko ta zo ta wata hanyar. Don haka idan aka ce mana "bincike ya nuna", ya dace mu tambaya: wa ya yi shi, a ina, kuma an sake gwadawa?

To, a nan ne jarrabawa take. Tun da mutum yana sauya hali idan ya san ana lura da shi, zuciyar mai bincike takan raya masa ya ɓoye gaskiya. A 1961, a Jami'ar Yel ta Amurka, Stanley Milgram ya gayyaci mutane da sunan gwajin ƙarfin hadda. Aka zaunar da kowannensu gaban wata na'ura, aka umurce shi da ya aika wa wani mutum wutar lantarki duk lokacin da ya yi kuskure, ana ƙara ƙarfin wutar daga bolt 15 har zuwa 450. A gaskiya babu wuta, kuma mai kururuwar ɗan wasa ne. Daga cikin maza 40, guda 26 suka bi umurni har ƙarshe, wasunsu suna gumi suna makyarkyata don sun ɗauka da gaske suna azabtar da bawan Allah. An koyi darasi mai girma game da makauniyar biyayya, amma ta hanyar yaudara da ɗaga hankalin mutanen da ba su san abin da suka shiga ba. A 2010 gidan talabijin na Faransa ya nuna makamancin wannan gwaji da siffar wasan kacici-kacici, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suka bi umurni. A watan Janairu na 2012 kuwa, kamfanin Facebook ya sauya irin labaran da masu amfani da shi kusan 689,000 ke gani na tsawon mako guda, domin a gano ko za a iya karkatar da yanayin zukatansu, ba tare da an sanar da su ba. Sai da aka wallafa sakamakon a 2014 duniya ta sani.

Saboda irin waɗannan abubuwa, da ma waɗanda suka fi su muni a fagen likitanci, aka kafa ƙa'idoji: Dokar Nuremba a 1947, Sanarwar Helsinki a 1964, da Rahoton Belmon a 1979, wanda ya tattara lamarin cikin ginshiƙai uku, wato girmama mutum, neman amfaninsa tare da kauce wa cutar da shi, da adalci wajen rabon nauyi da moriya. Musulmi ba zai ji waɗannan a matsayin sabon abu ba. Addininmu ya haramta ha'inci, ya wajabta riƙon amana, kuma Suratul Hujurat da ta umurce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, ita ce ta hana mu leƙen asirin juna.

Mu a ƙasar Hausa mun ga abin da rashin yarda ke haifarwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, a ƙarshe aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dalar Amurka miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wannan labari yana cikin abubuwan da mutane ke ambatawa, cutar kuwa ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su san komai game da wancan gwaji ba, amma su ne suka ɗauki nauyinsa.

Saboda haka, idan masu bincike suka yi mana sallama, mu karɓe su da mutunci, sa'annan mu tambaye su wanda ya aiko su, da manufar binciken, da ko kwamitin ɗa'a ya amince da shi. Mu nemi a yi mana bayani da harshen da muke ji kafin mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Faransanci. Mu tambayi wanda zai ga sunayenmu da amsoshinmu. Mu sani muna da ikon ƙi, da ikon janyewa a tsakiya, ba tare da an hana mu magani ko taimako ba. Izinin mai gari yana buɗe ƙofar gari ne, bai zama yardar kowane mutum ba. Haka nan izinin maigida bai ɗauke wa uwargida haƙƙin a tambaye ta ita kanta ba. Yaro kuwa ba a shigar da shi sai da yardar iyayensa, tare da yi masa bayani daidai hankalinsa. Kada kuma sabulu ko jaka ɗaya ta sa mu amince da abin da zuciyarmu ba ta natsu da shi ba.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu. Idan mun amince, to mu faɗi gaskiya. Wanda ya ce yaransa suna kwana cikin gidan sauro alhali an ɗaure shi a lambu, ya ba da shaidar da za a gina tsari a kanta, kuma maƙwabtansa ne za su rasa abin da ya kamata a kawo musu. Ƴaƴanmu da ke karatu a jami'o'i, waɗanda da yawansu ke samun aikin tattara irin waɗannan bayanai, muna tunatar da su cewa cike takarda a ƙarƙashin inuwa ba tare da shiga gidajen ba cin amana ne, kuma asirin da wata uwa ta faɗa musu a ɗakinta bai halatta ya zama abin hira a majalisa ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya kare iyalanmu.