Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NITDA Kan Ajiyar Bayanan Al'umma

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Wannan wasiƙa tana jan hankalin Hukumar zuwa ga kayan aikin da ke kwafar rumbun bayanai domin ajiya, wato kwafin da ake komawa gare shi idan kwamfuta ta lalace. Masu ƙera manhaja sukan ayyana wata hanya a matsayin tsohuwa, su yi gargaɗi, daga bisani su cire ta. Misali, manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, wadda manhajar DHIS2 ta alƙaluman lafiyar Nijeriya take dogaro da ita, ta yi gargaɗi kan tsohuwar hanyarta ta ajiya a 2016, ta cire ta a 2022, kamar yadda takwararta MySQL ta cire kayan aikinta na ajiya mai suna mysqlpump a 2024. Idan aka sabunta manhaja ba a gyara umarnin ajiya ba, kwafar tana iya tsayawa babu wanda ya lura, har bayanan rigakafi da awon ciki na Fassi, Kibiya da Rano su salwanta.

Dokar NITDA ta 2007 ta ɗora wa Hukumar alhakin tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa, saboda haka ana roƙon ta wajabta wa ma'aikatu abu uku: bincika umarnin ajiya kafin kowace sabuntawa, gwada maido da bayanai daga kwafi duk wata uku, da horar da jami'an ƙananan hukumomi cikin harshen Hausa. Rigakafi ya fi magani.

Wassalam.

Daga wani mazaunin Fassi,
Ƙaramar Hukumar Kibiya, Jihar Kano.