Tiffany Porter: fasfo biyu, tuta ɗaya, da tambayar da ba ta mutu ba

A watan Maris na 2012, ana jajibirin gasar duniya ta cikin ɗaki a Istanbul, wani ɗan jaridar Birtaniya ya nemi kyaftin ɗin tawagar ƙasarsa ta rera masa taken ƙasa a gaban jama'a. Tiffany Porter ta ce ta san taken, amma ta ƙi rerawa. A gasar nan ta ci lambar azurfa a gudun tsallake shinge na mita 60.

An haife ta a 1987 a jihar Michigan ta Amurka. Mahaifinta ɗan Najeriya ne, sunan gidansu Ofili, mahaifiyarta kuma ƴar Birtaniya. Ta fara yi wa Amurka gudu a rukunin matasa, sannan a ƙarshen 2010 ta koma Birtaniya. Nan take wasu jaridun Landan suka laƙaba mata sunan ƴar Birtaniyar roba, wato ta jabu.

Gaskiyar magana, akwai lissafi a cikin sauyin nata. A gudun shinge na mata, Amurka cike take da gwanaye, kuma mutum uku kacal kowace ƙasa ke turawa Olamfik. Wanda ya kalli Rio a 2016 ya gani da idonsa: zinare, azurfa da tagulla duk Amurkawa suka kwashe. Amma lissafi ba ha'inci ba ne. Ta wajen mahaifiyarta ta gaji ƙasar, ba sayen ta aka yi ba, kuma ta biya da ƙafafunta: tagulla a gasar duniya ta Mosko a 2013, zinare a gasar Turai ta Zurich a 2014, sai bajintar Birtaniya ta daƙiƙa 12.51 a mita 100 a shekarar. Duk da wannan hidima, ta kammala karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Michigan. Ta haihu a 2019, ta dawo fili, ta ci tagulla a gasar Turai ta cikin ɗaki a 2021, inda ƙanwarta Cindy ta ɗauki azurfa.

Ita Cindyn ce ta karya bajintar yayarta a Eugene a 2022, da 12.50. Abin mamaki, a wannan tsere ɗaya ne Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da 12.12, sanye da rigar Najeriya. Ita ma Amusan a wata jami'ar Amurka ta goge. Ke nan filin horo ɗaya ne, tuta ce ta bambanta.

Tun 2018 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsaurara doka: mai son sauya ƙasa zai jira shekara uku, sau ɗaya zai sauya, kuma sai ya kai shekara 20. An yi dokar ne don hana ƙasashe masu kuɗi kwashe ƴan wasan Afirka, to amma tana shafar irin su Porter da aka haifa da ƙasa biyu. Ƴaƴanmu da ake haifa a Faransa, Beljiyam ko Amurka su ma wannan zaɓi na jiran su, kuma hukumar da ba ta neme su suna ƙanana ba, da wuya ta same su bayan sun yi suna.